Idon Ruwan da Ba Ya Cikin Taswira

Ni aka miƙa wa biro ranar,
wai hannuna ya fi na kowa kyau.
Aka ce, Hilarion, duk abin da aka faɗa ka rubuta.
Muka cushe a ajin 'yan firamare,
manya a kan kujerun yara, gwiwa har haɓa,
iskar tsaunukan Bolibiya na kutsowa
ta tagar da ta fashe tun bara.

Injiniyar daga Santa Cruz ta zo, can gangare inda ake zufa.
Marisol Arancibia, yarinya mai ladabi.
Tudunmu ya hana ta numfashi,
kalma uku sai ta tsaya,
muka ba ta ganyen koka ta tauna.
Ta manna taswira a kan allo, ta ce
wannan shiri ne na shekara biyar.

Na rubuta: shekarar farko, kwalta zuwa bakin ramin kuza.
Ta biyu, rumbun dankali mai rufin kwano
don kada 'yan sari su ƙara yi mana sayen wulaƙanci.
Ta uku, injin wanke ma'adinai
da tafkin zuba dagwalonsa, nan,
ta ɗora yatsa a wani fili fari fat.

Sai Fortunata Yucra ta miƙe.
Miƙewarta kan ɗauki lokaci, muka jira.
Ta ce, 'yata, me ke ƙarƙashin yatsanki?
Ta ce, ba komai, Iya, fili ne.
Ta ce, ba komai ɗin nan
shi nake sha shekara saba'in da ɗaya.
Nan idon ruwa yake.
Ba ya fitowa sai rana ta narkar da ƙanƙara,
na'urarku ta sama da asuba ta wuce, yana barci.
Tumakina sun san shi, gonaki goma sha tara sun san shi.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aji ya kaure.
'Yan rami suka ce in babu inji babu albashi,
manoma suka ce a dafa kuza a ci mu gani.
Abin dariya, rabinmu duka biyun ne:
fitila a goshi daga Litinin zuwa Juma'a,
fartanya a kafaɗa ran Asabar.
Mutum na faɗa da kansa,
ni kuma ina rubuta shi sau biyu.

Yayana Severino bai ce uffan ba sai can.
Shekara ashirin da biyu a ƙarƙashin dutse,
ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa.
Ya ɗaga hannu irin na ɗalibi:
asibitin huhu fa, wace shekara?
Ta duba takarda. Ta huɗu.
Ya ƙirga a yatsunsa a hankali,
ya tsaya a na biyu, ya yi murmushi.
Wannan ban rubuta ba.

Injiniya ta daɗe tana kallon allo.
Ta karɓi birona,
ta ɗiga shuɗin ɗigo a tsakiyar farin filin,
ƙarami, bai kai ƙwayar gero ba.
Ta ce ba ta yi alkawari ba,
akwai na gaba da ita, akwai kasafi,
amma gobe a kai ta ta gani da rana tsaka.

Muka dangwala yatsu a littafi, mutum sittin da uku.
Fortunata ta ƙi.
Ta ce sai takarda ta dawo da ɗigon nan bugagge,
ba na biro ba.

Na fito, duhu ya yi,
motocin kuza na gangarawa da fitilunsu a jere.
Littafin yana cikin rigata, ya ɗauki ɗumin jikina.
Severino na gaba, yana tafiya yana hutawa,
ni ina rage sauri don kada ya gane.