Giga Uku na Madam Kuyet

A Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa,
akwai wani ɗaki marar taga.
Nan muka ajiye uwar garke.
Baƙin akwati ne, bai wuce gwiwata ba,
fanka na huci a cikinsa dare da rana.
Takardar albashi ta ce ni injiniya ne,
ma'aikata suna cewa a kira yaron kwamfuta.

Mutum talatin da bakwai, ƙwaƙwalwa ɗaya,
giga goma sha shida, babu ƙari.
Akushi guda aka kewaye,
sai dai ba mai ganin lomar wani.
Ni kaɗai nake gani.

Takwas da rabi kowa ya buɗe imel.
Manhajar nan ba ta san ƙoshi ba.
Ka ce ta nuna maka wasiƙa ɗaya,
sai ta kwaso wasiƙar da kakanninta,
ta baje, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
ta kwanta a kansu kamar kaza a akurki,
ba ta ƙyanƙyashe ba, ba ta tashi ba.

Kafin goma linzami ya sandare.
Barau akanta ya leƙo: wuta ce?
Ba wuta ba ce.
Tasalla ta doki tebur, lissafinta ya maƙale a rabi.
Shekari ya ce a sayo sabuwa.
Manaja ya ce sai kasafin baɗi,
abin da ya ce bara ke nan.

Na liƙa takarda a ƙofa: in ka gama, ka rufe.
Na bi tebur-tebur ina roƙo,
hotunan biki, bidiyon suna, a rage.
Kowa ya ce nasa kaɗan ne,
kuma ba wanda ya yi ƙarya.
Mu da ke haye gadar Kaduna a watan Agusta
mun san da yayyafi kogi kan cika.

Wata Laraba bayan la'asar, ana ruwa,
na jera sunaye a allo, mafi ci a sama.
Na shirya wa Barau magana.
Ba Barau ba ne.

Madam Kuyet, mai rajista.
Giga uku da ɗoriya.

Ita da muka raka Zonkwa a motar ofis,
muka dawo shiru.
Ranar da ta ce kanta na sarawa
ta ɗauki jaka, ta ce gobe za ta ƙarasa.
Ba ta rufe ba.
Kwana arba'in da ɗaya manhajarta na tsaye bakin ƙofa,
duk minti biyar sai ta leƙa: akwai saƙo?

Ban buɗe ba, ba hurumina ba ne,
amma na san abin da ke shiga,
don mu ma yana shigo mana:
kiran taro, tunin adashi,
tallan filaye a Maraban Rido,
da sanarwar rasuwarta
wadda aka aika wa kowa da kowa.
Duk ta karɓa, ta jera, tana jiran mai karantawa.

Umarnin gajere ne, kalma ɗaya da lamba.
Waɗanda suka ƙirƙira shi kisa suka sa masa suna.
Na rubuta. Yatsana ya ƙi sauka.
Na fita baranda, na kalli ruwa yana dukan kwanon masaƙa,
na dawo.
Na danna.

Fanka ta sassauta murya.
Daga can Tasalla ta ce, yauwa, ya saki!
Barau ya ce, yaron nan ka iya aiki.
Ban tanka ba.

Washegari na duba allo ƙarfe goma.
Giga ukun nan babu ko kaɗan,
har an raba gado.