Ke Kuma Fa?

A Oulu rana ba ta da alkawari.
Ƙarfe goma ta leƙo, kafin uku ta naɗe tabarmarta,
ni kuwa ina tura tsohon keke a kan ƙanƙara,
littafin ilimin ruwa a jaka,
da gurasa irin ta Namangan da na gasa jiya, ta ƙi tashi.

Ranar farko malamin ya shigo da rigar ulu mai huji a gwiwar hannu,
ya ce, "Ku kira ni Tuomo."
Shi ke nan. Ba farfesa, ba rusunawa.
Sunan ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
A gidanmu ko maƙwabcin da ya ba ka shekara biyu
ba ka kiran sunansa gatsal.
Wata uku da tari nake kiransa:
in yi gyaran murya, in ya waiwayo, in yi tambaya.

Takardata ta farko, kwana huɗu ban runtsa ba.
Na jero maganganun manya, shafi goma sha biyu,
kowace da mai ita, kowace da shekararta,
yadda kakata ke jera kofunan shayi in za a yi baƙi.
Ta dawo da layi ɗaya a ƙasa, da fensir:
"Duk sun yi magana, Gulnoza. Ke kuma fa?"
Na juya bayanta, fari fat.
Ranar a bas na wuce tashata har sau biyu.

Ni kuma fa?
Ni da aka rena a kan cewa malami rijiya ne,
ɗalibi guga.
Yaushe guga ya taɓa faɗa wa rijiya zurfinta?

Ga kuma shirunsu.
In ya jefa tambaya, sai aji ya yi tsit.
Na ƙirga: daƙiƙa arba'in, ko kujera ba ta motsa ba.
Na zaci an yi rasuwa ne ba a gaya mini ba.
Pihla, mai saƙa safa a ƙarƙashin tebur,
ita ta warware mini a kan miyar wake ta ranar Alhamis:
"Ba fushi ba ne, tunani muke.
A nan sai magana ta nuna ake tsinko ta."

Sai ga Fabrairu.
Ya zana gona a allo, ya ja mata magudanai,
ya ce a wannan tazara ruwa zai wanke gishirin ƙasa
ya tafi da shi har abada.
Na san gonar nan.
Na yi cirar auduga a cikinta tun ban kai ƙugun babana ba.
Hannuna ya tashi ban ba shi izini ba.

"Tuomo," na ce,
sunan ya fito, bai yanke ni ba,
"an yi haka a gonarmu.
A shekara ta uku gishirin ya dawo,
ya kwanta a kunya-kunya kamar wancan farin na waje."

Tsit.
Na ƙirga har hamsin, gwiwoyina suna kaɗawa.
Ya dubi allo, ya dube ni, ya sosa gemu,
ya goge rabin lissafinsa da hannun rigar nan mai huji,
ya miƙo mini alli:
"Zo ki nuna mana inda ruwan yake kwana."

Da dare mama ta kira, fuskarta na tsinkewa a waya.
"Kina dai jin maganar malamanki?"
Na ce ina ji.
Sauran ban san ta inda zan ɗauko mata ba,
sai na nuna mata yatsuna, da farin alli a ƙarƙashin farce.
Ta matso da ido, ta ce, "Gari ne?
Ki riƙa ajiye ƙullun kusa da abin ɗumama ɗaki,
sanyi ne ke hana shi tashi."