Ranar da Muka Kai Shi Goindwal

Tun zakara bai yi cara ba
kakana Tarlochan ya yi wanka da ruwan rijiya,
ya naɗa rawani, ya warware, ya sake naɗawa.
Shekara arba'in da ɗaya yana tashin Guru da asuba,
yana kwantar da shi da dare
a ɗakin da ya fi namu kyau:
fanka da bazara, bargo idan sanyi ya sauko.

Bai taɓa cewa shafi ba. Gaɓa yake cewa.
To, gaɓoɓin sun tsufa,
sun yi laushi kamar bayan hannun tsohuwa,
zaren ɗinki ya saki,
tawada ta dushe inda ido ya fi zama.

Ya ɗora shi a ka bisa farin ƙyalle,
ƙafa ba takalmi, ga tsakuwa.
Ni ce a gaba da kwano ina yayyafa wa hanya ruwa,
ƙanena Harjot a baya
yana kaɗa mafici mai farin gashi, hannunsa na rawa.
Mai tallan madara ya diro daga keke,
ya laluba aljihu, bai sami hankici ba,
ya rufe kansa da tsumman goge garwa, ya sunkuya.

A mota mu muka zauna a ƙasa.
Gonakin alkama suna wucewa, ba mai tari.

A Goindwal aka yi masa sutura da sabon yadi,
aka jera itace, aka zuba man shanu,
daidai yadda muka yi wa kakata Surinder
damina uku da suka wuce.
Na jira Kaka ya yi kuka. Bai yi ba.
Ya dai tsaya kusa da wutar
har gemunsa ya ɗauki ƙamshin hayaƙi.
Tokar kuwa, kogin Biyas ya karɓa.

Washegari sabo ne a kan gadon, ƙarƙashin alfarwa,
takarda na ƙara, tana warin danƙo.
Kaka ya buɗe inda ya buɗu
don jin umarnin yini.
Yatsansa ya tafi neman wani tabo a kusurwa,
babu.
Ya yi gyaran murya.
Da ya fara karantawa sai na ga
idonsa a rufe yake.