Ramar Baba Tanimu

Bayan gidanmu a Ƙofar Ruwa
Baba Tanimu ya durƙusa,
ya ɗora ƙasa a kan harshe:
"Ta yi tsami, kamar kunun jiya."

Ya kwaso toka daga murhun Goshi,
ya barbaɗa kaɗan-kaɗan,
wai ƙasa ƙanwar miya ce,
kanwa in ta zarce sai a zubar.

Sati shida, ganye ya buɗe,
yatsu biyar, kore shar.
Sai ga ɗan sintiri da gora:
"Tsoho, wiwi kake nomawa?"

Baba bai ce uffan ba.
Da la'asar ya aika masa kwano,
kwaɗon rama, ƙuli ya ji.

Kwanon ya dawo a suɗe.