Jakar Baba Gide

Daren Alhamis. Rafin Daɗi ta yi shiru,
sai injin markaɗen Shitu da bai san dare ba.
Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida,
na baje kaya kamar ɗan koli ranar kasuwa.

Jakar ta Baba Gide ce.
Shekara ashirin tana bayansa
yana ja wa 'yan safiyo sarƙa a dawa.
Har yau tana warin kananzir da zufa,
maratayinta ɗaya baduku ya sake,
ɗayan yana nan da ikon Allah.

Riga biyu, na ce. Na sa uku.
Wando mai kauri, don kaka ce,
ciyawa ta kai ƙugu,
ƙarangiya kuwa ba ta jin kunyar baƙo.
Safar ƙwallo ta ƙanena,
malafa, mayafi, tocila da batir huɗu,
ashana a cikin robar magani saboda raɓa,
wuƙa, igiya, buta,
takalmin da na saya a gwanjo
wanda wani ya riga ya koya wa tafiya.

Duk sa'ad da na juya baya
Barira ta cusa wani ƙulli.
Ga dakuwa, ga ƙuliƙuli, ga garin kwaki.
Na ce, kwana uku ne fa.
Ta ce, ka taɓa jin dutse ya ɗora tukunya?

Tukur ya bugo: bayan asuba, bakin tasha,
kuma don Allah kar ka kinkimo gidan.

Sai tari daga ɗakin zaure.
Goya ta, in ji tsoho,
ka je masallaci ka dawo.
Abin da kafaɗa ta yi ƙara a kai, bar shi.

Na je. Na dawo ina haki.
Rediyo ta fita, littafi ya fita,
riga ta uku ta koma kan igiya.
Ruwa kaɗai ya hana in taɓa:
shi nauyinsa raguwa yake, in ji shi,
kuma ba za ka ji daɗin raguwar ba.

A ƙaramin aljihu yatsana ya ci karo da tsini.
Allura ce, soke a tsumma,
da baƙin zare a hancinta
tun ban iya ɗaura tazuge ba.
Na miƙa masa. Ya shafa, ya mayar mini.

Idan kun wuce rafi na biyu, ya ce,
akwai kuka mai kogo a hannun hagu,
na buga mata ƙusa a tsayin goshina.
Ka duba.

Ƙafafunsa na cikin bargo, ba sa motsi.
Na ja zif, ya cije a tsakiya.
Ya ce, shafa masa kyandir.