Tabo a Ƙirjin Belmiro

Ƙarfe shida na safe, tashar jirgin ƙasa ta Porto.
Ondina ta ajiye kofinta gefen allo.
Na'urar ba ta taɓa kowa, ba ta harba komai,
kasa kunne kawai take yi
ga ɗumin da fata ke saki ta cikin riga,
igiyar terahaz, wadda ta faɗo
tsakanin muryar rediyo da hucin garwashi.

A allon babu fuska, babu suna.
Mai kwat da mai tsumma haskensu ɗaya,
kowa fitila ce mai ƙafa biyu.
Abin da aka ɓoye ne kaɗai ke yin duhu.

Wata takwas ke nan tana karatun inuwa.
Ta san waya, ta san kan bel,
ta san kwalbar da ake kai wa baki a ɓoye.
Wannan kuwa dogo ne, siriri,
kwance ƙarƙashin haƙarƙarin hagu.
Gabanta ya faɗi. Ta danna maɓalli.

Telmo ya ja tsohon gefe.
Belmiro, in ji katinsa. Ƙasa a farcensa.
Ya kwance maɓallan rigar ulu ɗaya bayan ɗaya,
ba gaggawa, kamar mai buɗe wa likita.
Wuƙa ce. 'Yar ƙarama, ƙotarta ta sha hannu,
ɗaure da reshe uku a cikin jiƙaƙƙen tsumma.

"Ta ƙanena ce," ya ce.
"Da ita yake yi wa inabi aure a tudun Douro.
Mun binne shi, jiya aka sayar da gonar.
Akwai wani kututture a bayan gidan 'yata,
ko zai karɓa."

Doka ba ta san inabi ba.
Telmo ya sa wuƙar a leda, ya rubuta lamba,
ya miƙa masa rasit da rassansa.
Tsohon ya daɗe yana ninke takardar.

Ya sake bi ta ƙofar.
Ondina ta duba: ƙirji fes, haske tun daga wuya har cibiya,
ko ɗigo babu.
Na'urar ta ce ba ya ɗauke da komai.

Ta kai hannu ga kofi, ya huce.
Jirgin Lisbon ya yi kira.
Wasu fitilu arba'in na tafe.