Bar-Min-Tunani

A bayan gidanmu a Hayin Dogo,
inda ruwan alwala ke gangarawa,
akwai wata kuringar inabi
da ta girme ni da shekara huɗu.
Baba Tsalha ne ya kawo ta.

Yana malamin gona a Samaru
aka tura shi kwas Italiya, wata uku.
Ya sauka gidan wani tsoho, Etore,
mai tafin hannu kamar ɓawon ɗorawa.
Kakan kakansa ne ya dasa gonar.
Ɗa na yanka, suruka na matsa,
jikoki na wanke kwalabe suna faɗa.

Daren farko aka zuba masa a tambulan,
fara tas, da ɗan kore-kore,
sanyi na tsattsafowa a jikin gilashi.
Baba ya dafa ƙirji: "Ni ba na sha."
Tsoho bai ɓata rai ba,
ya ce, "Hancin naka ma azumi yake?"

Har yau in an tambaye shi
sai ya lumshe ido.
Ɓawon lemun tsami, in ji shi,
da ƙamshin ƙasa ranar yayyafin fari,
da wani gishiri-gishiri, wai iskar teku ce.
Ya mayar da tambulan cike yadda aka ba shi.
Aka tsinko masa ɗanye a faranti,
ya ci har ya manta da tuwo.

Ranar dawowa, reshe uku
a cikin jiƙaƙƙiyar safa.
Sunan irin, wai, Barmentino.
Inna Ladingo ta gwada, harshe ya ƙi,
ta ce, "Bar-min-tunani? Ai ya dace.
Tun da ka sauka ba ka da zance sai nata."

Gara ta ci ɗaya.
Akuyar Alhaji Ɗanbala ta ci ɗaya,
aka yi wata guda ba a gaisawa.
Ta ukun ta yi zuru shekara biyu,
ganye kawai, kamar mai fushi.

Ashe barci take nema.
A garinsu ƙanƙara ke kwantar da ita,
nan kuwa wa zai ba ta?
Sai Baba ya hana ta ruwa,
ya bi ta da hannu yana tsige ganye
ɗaya bayan ɗaya, har ta yi tsirara.
Ta ɗauka hunturun gida ne.
Da ta farka, sai ga fure.

Mu ma muna da namu aikin gandu.
Yaya Barau ke gadin jemage
da gwangwani da fitilar hannu.
Ni da Talle mu tsinka,
Inna ta matse a farin ƙyalle,
ta jefa ƙanƙarar naira ɗari a tulu.
Dokarta ɗaya: ba ya kwana.
"Ku shanye kafin ya canza suna."
Mai tsami ne, ba ya kai na kanti zaƙi,
ƙananan 'ya'ya, ga iri a ciki.
A kasuwar Sabon Gari an taya mana arha,
Baba ya kwaso kwandonsa muka dawo.

Bara jikar Etore ta turo hoto a waya:
kwalba, da sunan tsohon a jikinta,
da shekarar da ya rasu.
Baba ya daɗe yana kallo.
Ya ce in ɗauki kuringar in tura mata,
in tabbata tulun Inna ya fito.

Bana hannunsa na rawa.
Ya miƙo mini almakashi,
ya zauna kan turmi yana nuni da sanda:
"Ƙirga ido biyu, yanke na uku.
Kar ki ji tausayi, ba ta so."
Na yanke.
Ruwa ya ɗigo daga bakin reshen,
ya tara da yatsa, ya kai hanci.